Accar da na kai wa Kaka

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban

Yau tsokanata ta kusa ja mini abin da ba zan yafe wa kaina ba.

Shekaranjiya Chinedu mai kemis ya karanta mana a wayarsa cewa masana na gwada wani hatsin ƙasar waje, wai shi kinuwa, ko sinadarin cikinsa zai iya yaƙar ciwon daji, irin wanda ke damun Kaka. Ya ce gwaji ne kawai, bai zama magani ba. Ni kuwa da na ga hoton ya yi kama da acca, sai na ƙulla acca a leda na kai wa Kaka, na ce, "Amaryata, ga maganin ciwonki daga Turai."

Ta karɓa, ta sa mini albarka, har ta dama kunu.

Yau da la'asar na ji tana ce wa Baba ya fasa neman motar Sakkwato, ai ta samu magani, ita da asibiti sun rabu. Na durƙusa gabanta na ce wallahi acca ce ta kasuwar Zuru, ta yi wa Allah ta je a ci gaba da allurarta.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Wanga miji nawa bai da wayo! Ina surfa acca tun ba a haifi ubanka ba. So nike in gani ko kana son rayuwata."

Ashe tun safe kayanta a ɗaure suke, da Baba aka haɗa baki.

Alhamdu lillahi da ni aka yi wa wasan. Gobe da asuba ni zan riƙe mata jaka. Ta ce in na makara, za ta sake miji a tasha.