Littafin Baba na Shataranj

Hartum, 3 ga Maris, 1996

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da mahaifiyata Yumma da girmamawa. Aikin asibiti na hidimar ƙasa bai kashe ni ba tukuna. Saura sati uku a yi gasar mata ta shataranj, darar nan mai sarki da waziri, kuma jiya ma an cinye ni kafin motsi na goma sha biyar. Don Allah ka kwafo mini wasannin gasar da ka tara a littafinka tun kana saurayi, in ga yadda gwanaye ke buɗe wasa. Ko in zo Alsawra ran Juma'a mu zauna a kan allo?

'Yarka, Mawahib

Alsawra, 6 ga Maris

Mawahib,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Kada ki zo sai bayan gasa, za ki ɓata yini a hafila, motar haya. Ciwonki na sani: kina fito da waziri tun a motsi na uku, kamar mai tsoron za a rufe kasuwa. Haba! Dawakai da giwaye su fara fita, ki ɓoye sarki, sannan waziri. Ga wasa huɗu. Ki jera kowane a allo, ki rufe takarda, ki canki motsi na gaba kafin ki duba. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki, Mainasara

Hartum, 10 ga Maris

Yumma,

Ina gaisuwa. Wannan taki ce ke kaɗai. Wasiƙar Baba da rubutunki ta zo, na ce ko ƙiwa yake ji. Amma a wasa na biyu doki ya yi tafiyar giwa, a na uku soja ya koma baya. Baba bai taɓa yin irin wannan kuskure ba. Me kuke ɓoye mini? Hankalina ya tashi.

Mawahib

Alsawra, 12 ga Maris

Ɗiyata,

Ina amsawa. Ni Barira me na sani a doki da giwa? Idon babanki ne. Tun bayan Sallah yake dushewa, yanzu hasken ƙofa kawai yake gani, likita ya ce ba zai dawo ba. Ni ke kwafowa daga littafin, ga rubutun ya koɗe. Ya sa na ɗaura wa baƙaƙen 'ya'yan zare don ya gane su da yatsa. Ya rantsar da ni kada in faɗa, wai za ki bar gasa ki zo jinya. Wallahi in kika bari, zai fi masa makantar ciwo. Ki buga, ɗiyata. Allah ya tsare.

Yummarki

Hartum, 25 ga Maris

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Na san komai, kada ka yi wa Yumma faɗa. Na yi kuka, sannan na zauna na gyara wasannin huɗu da kaina, na haddace su. Na zo ta uku. Ga wasana na ƙarshe, na rubuta da manyan baƙi don Yumma ta karanta maka a hankali.

Mawahib

Alsawra, 27 ga Maris

Mawahib,

Ta karanta sau uku, ina bi da yatsa a kan allo. Wazirinki bai motsa ba sai a motsi na goma sha ɗaya. A nan na ce ta dakata, don hawaye sun hana ni ji. Ki zo ran Juma'a. Akwai wasa sittin a littafin nan da nake so in sake ji, kuma uwarki ta gaji da ni.

Babanki