Izinin Yankan Shinkafa

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023
Abdulwahabu, na kamfanin wasannin nan na Kano, ya turo min wasanni biyu na ƙasashen waje in gwada a gidan gem ɗina nan Gummi. Ɗaya kaɗai za su saya su juya shi Hausa, kuma wanda na ce ya fi karɓuwa shi za a ɗauka. Ɗaya na harbe-harbe ne a kan babura, ɗayan na noman shinkafa. Noma fa! A garin da kowa ya gaji da taka laka.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Samari sun yi caa a kan na harbi. Na noma ko kallo bai samu ba, sai daga Baba Lauwali, wani dattijo da ya gudo daga Zugu, mai kawo cajin waya. Na miƙa masa abin dannawa don mu samu abin dariya. Yatsu kamar rogo, amma ya iya dashe.

Talata, 10 ga Oktoba
Tsohon nan ya zame min ƙarfen ƙafa. Kullum da hantsi yana nan yana ban ruwa, har da yi wa waɗanda suka ƙirƙiro wasan faɗa wai sun cika tazara a dashe. Ya tare min kujera, haushi kamar in mutu.

Juma'a, 13 ga Oktoba
Shinkafarsa ta nuna. Na ce, "Baba, danna nan ka yanke." Sai ya janye hannu.
"Wa za a roƙa tukuna? Wa ad da dajin ga?"
Ashe a wajensu ba a sa lauje sai 'yan bindiga sun ba da izini. Shago ya kaure da dariya. Na gimtse fuska na ce masa mai dajin yana Kano, sai ya aiko da izini. Ya gyaɗa kai.
"To mu jira, ɗana. Bara Rabe ƙanena bai jira ba."

Laraba, 18 ga Oktoba
Kullum, "Ya aiko?" Kullum, "Tukuna, Baba."
Abdulwahabu ya kira, na ce a ɗauki na harbi. Na ba shi labarin tsohon, ya yi dariya har da tari. Ya ce wasan da mutum ɗaya ke so ba shi da kasuwa, ranar Asabar na gwajin zai kulle kansa.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Na buɗe baki zan ce ya yanke yau, samari suka hau ƙyafta min ido kada in ɓata musu wasa. Na bari.

Asabar, 21 ga Oktoba
Baba ya zo, allon ya nuna hoton kwaɗon kulle ƙofa da Turanci a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.
"Sun hana ke nan."
Na ce kamfani ne, Baba, ba kowa ba ne.
"Ba komi, ɗana. Kai dai ka roƙa muna, Allah shi saka maka da alheri."
Ni ya yi wa addu'a. Ba wanda ya yi dariya.

Talata, 24 ga Oktoba
Ya koma caji shagon Ɗanmusa, wai ƙarar harbin nan tana sa shi ciwon kai.
Na kira Abdulwahabu ko za su buɗe na noman, ko na yini ɗaya ne. Ya ce ba su saye shi ba, ba su da iko. Na kashe waya ban yi sallama ba.
Ba don komai na tambaya ba. Ni dai ba na son ganin aikin da ba a ƙarasa ba.