Siracen Dankali

Yaya Ilinca,

Gaisuwa mai yawa daga Verona. Yaya Mama da yara?

Ni lafiya lau, sai ɗan tari, saboda ƙurar dutsen da muke yankawa. Kullum nakan dafa dankali, in lulluɓa in yi sirace, kamar yadda Mama ta riƙa yi wa Baba. Majinar tana fita, sai dai babu mai bubbuga min baya. Ki aiko min da kitsen agwagwa in shafa a ƙirji.

Kin tuna launin kakin Baba a ƙarshe? Nawa bai kai can ba tukuna.

Kada Mama ta ji. Bikin 'yata Sorina kuwa, don Allah ku matso da shi kafin sanyi ya shigo. Ina so in yi rawa da ita.

Allah ya tsare min ku.

Ƙaninki,
Dorin