Tandar da Raliya Ta Zana

Daga Gangara ta Damargu, cikin watan Jimada Lawwal, shekara ta 1345.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Wannan takarda ta fito daga bakin yayarka Tabawa zabiya, zuwa ga ƙanena Ilyasu da ke zaune a Kano. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Salamatu da jaririnku Audi da ban taɓa gani ba, Allah ya raya shi. Mu nan sai godiya. Gero ya yi, rumbu biyu sun cika, na uku ya kai rabi. Umma tana nan da ciwon gwiwarta, kullum sai ta ambace ka, ta ce shekara huɗu kana dakon buhunan gyaɗar mutane a tashar jirgi, taka gonar kuwa awaki sun gaje ta. An kwashi samarin gari zuwa aikin hanyar Nasara, har da Manzo ɗan Asibi, ya dawo da tari amma yana samun sauƙi. Malam Idrisa ne yake rubuta mini, na kuwa gaya masa ya sa magana yadda na faɗe ta, kada ya yi mini gyara.

Bayan haka, maganar 'yarka Raliya ce, wadda ka bar mini tun rasuwar uwarta. Na san fatake za su kai maka labari da ƙarin gishiri, gara ka ji daga gare ni. Ka san shekara talatin ke nan ba a wasan 'yan mata a garin nan sai da muryata. To bara wani mai kalangu ya zo daga Tarka, Gajere ake ce masa, kuma wallahi sunan bai zalunce shi ba. 'Yan mata suka watse mini kaf, ran kasuwa sai in zauna gindin aduwa ni da ƙwaryar kiɗana kamar mai sayar da nonon jiya. Ana haka kumandan Nasara ya yada zango a nan, mai yi masa fassara ya fito da wani littafin Nasara mai hotunan mata da riguna. Kai, ka ga yadda 'yan mata suka yi wa littafin caa! Ba wadda ta san harafi ɗaya a ciki, amma ranar har rana ta take ba su je rijiya ba. Na ce a raina, ashe haka abin yake, to ni ma zan yi nawa.

Na samo takardu daga Damagaram, na matsa wa Malam Idrisa har ya yarda ya rubuta waƙoƙina da ajami, kowace yarinya da takardarta da waƙar yabonta. Gaskiya ba zan ci haƙƙinta ba, gyaran abin duk na Raliya ne, ka san hannunta a zanen ƙwarya. Ita ta ce mini tunda 'yan mata ba su karatu, a zana wa kowace alamarta a saman takarda, ta gane abinta tun daga nesa: wannan kitsonta, waccan munduwarta, wata tulun da take ɗauka. Ta jiƙa karan dafi ta samu ja, ta ɗebo shunina, ta daka rawaya, ta kewaye gefen kowace takarda da irin adon da suke so a lalle. Ta ce waƙa kada ta yi tsawo, ta zama wadda za a koya tsakanin rijiya da gida. Ita kuma ta kafa dokar wasan. Ran kasuwa bayan la'asar a ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ga alamarta ta shiga fili ta taka, sauran suna amshi, kuma ba mai fita sai waƙarta ta ƙare. Wadda ta fita an cire ta daga kundin har abada. Takarda ashirin da uku muka yi. Ta Raliya ce ta bakwai, da kurciya a sama, waƙar tana yabon goshinta da santsin kumatunta. Kafin kasuwa uku Gajere shi kaɗai yake kiɗansa, sai jakuna.

Da bazara agana ta shigo gari, ta ɗauki mutum shida, Allah ya jiƙansu. Raliya ta kwanta kwana arba'in, ta sha da ƙyar. Ni na yi jinyarta, ni na riƙe hannayenta kada ta sosa, kada ka manta da wannan. Ta tashi dai, amma fuska duk zanzana, idon hagu kuma ya yi fari. Duk damina ba ta leƙa ƙofar gida ba. Wasa ya yi sanyi, ba sabon zane, ba sabuwar takarda, sai ga Gajere ya fara jan 'yan matan kuma. Raishatu 'yar mai gari, wadda ita ce sarauniyarsu, ta zo ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa yabo ya ishe su, kowa ta ji nata har ta gaji, abin dariya suke so, in kuwa ba ni da shi Gajere yana da shi. Ilyasu, me kake so in yi? In koma gindin aduwa da furfurata?

Ina suyar masa da safe, na dubi ramukan tandar, na dubi yarinyar tana shara, sai waƙa ta zo mini ɗungurungum. Ban neme ta ba, ita ta zo, kuma rabon da in yi mai daɗinta na manta. Amshinta kawai shi ne: a kawo ƙullu, ga tanda ta iso. Na koya wa su Raishatu a gidan mai gari, suka yi dariya har da riƙe ciki. Saura zane. Ni hannuna ba ya zane, Malam kuma ya ce shi rubutun ma da ya sani da bai yi ba, ga shi nan yanzu ma yana girgiza kai, rubuta dai Malam. Sai na miƙa wa Raliya takardar, ka san ita ma ba karatu take yi ba, na ce ta zana mini tanda a sama. Allah sarki, har da murnarta, wai ta samu aiki. Kwana biyu tana kai, ramukan nan ɗaya-ɗaya da ja da shuni, duk kundin ba takardar da ta kai ta kyau. Ta tambaye ni ta wace ce, na ce za ta ji ran kasuwa. Na zare mai kurciya na sa wannan a wurinta.

Kasuwar farko bayan an yanke gero ita ce ranar da ta fara fita. Ta yi kitso, ta ɗaura zanen uwarta mai saƙi, ta ja mayafi ta rufe idon. Aka gama takarda ta shida, ita kuwa ta san layinta, ba ta ko jira an ɗaga ba ta shiga fili tana murmushi. Na ɗaga takardar. Ta duba ta ga zanen hannunta, 'yan mata ashirin suka ɗauki amshi gaba ɗaya suna tafi. Mutanen kasuwa suka bar tallarsu suka zo, har Buzaye masu raƙuma da ba su jin Hausa sosai sun gane, don su Raishatu suna nuna fuskarta da yatsa. Na zaci za ta ruga gida. Ina! Ta tsaya, ta taka, hawaye na bin ramukan nan, har baiti na ƙarshe, saboda dokar da ta kafa da bakinta. Da aka ce a maimaita ta sake takawa. Ni dai na ce wannan taurin kai ne irin naka, wa ya riƙe ta?

Yanzu waƙar ta kai Falanko, ta kai Tarka, Gajeren ma ita yake kaɗawa, ka ga kuwa na gama da shi. Raliya ce ta kumbura mini fuska a gida. Tana daka, tana ɗebo ruwa, amma ba ta ce mini uffan. Sau ɗaya ta yi magana, wai in ba ta tsohuwar takardarta ta ajiye. Na gaya mata gaskiya, na sa an kankare sunanta an sa na ƙanwar Raishatu, don waƙar santsin kumatu ba ta dace da ita ba kuma, ni kuwa ba na zubar da waƙa. Umma ta ce na yi zalunci, ta kwana uku ba ta ci tuwona ba. Haba! Ni na zuba mata agana? Abin da kowa ke gani da ido na rera, kuma sunan da a da ko Gangara bai cika ba, yau Damargu duka ta san shi.

Abin da nake so gare ka shi ne wannan. Na ji ta roƙi wani madugu ya tafi da ita wurinka, na aika masa kada ya kuskura. 'Yan mata shida daga Falanko suna jiran a yi musu takardu, ita kuwa ta ƙi taɓa alƙalami. Ka aiko mata da magana a matsayinka na uba, ta bar wannan fushi ta zauna ta yi mini zane. Maganar cire tanda daga kundin kuwa kada ma ka fara, ita ake zuwa gani.

Ka gaida Salamatu, ka shafa mini kan Audi, ka gaida Yahuza ɗan kawunmu in kuna haɗuwa. Umma tana gaishe ka, Asibi da Manzo suna gaishe ka. Na leƙa madafa na tambayi 'yarka ko a sa gaisuwarta. Ta daɗe tana hura wuta, sannan ta ce a gaya wa babanta Tanda tana gaishe shi, Raliyar da ya bari agana ta ƙyale ta da rai, gwaggonta ce ta binne ta a tsakiyar kasuwa. Ka ji irin bakin da nake zaune da shi. Na ce Malam ya rubuta haka ɗin, tunda ita ta zaɓa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ni ce yayarka, Tabawa zabiyar Gangara.