Ruwan Rijiya a Cikin Batir

Daren Talata, cikin watan Safar

Jikina duk ya mutu, amma barci ya ƙi zuwa. Yau aka binne aminina Malam Idi, kuma ban samu jana'izar ba.

'Yar motar lantarkin nan da ɗana Habu ya saya mini saboda ciwon gwiwa, mako biyu ke nan tana tafiya kamar tsohuwar jaka. Jiya ta kwana a caji, da safe ta nuna ta cika, amma ina wuce kasuwa ta fara rarrafe. Har mai amalanken shanu ya wuce ni, yana cewa, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Ni kaɗai na rage da na san inda mahaifin Idi yake a tsohuwar maƙabarta, kuma na yi wa Idi alkawarin zan nuna wurin a kwantar da shi kusa da ubansa. Ko da na isa, an riga an mai da ƙasa, can wani gefe daban.

Da la'asar Lawal mai gyara ya buɗe batiran ya leƙa.

"Baba, wane ruwa kuke zuba musu?"

Na ce na rijiyar gidanmu mana, wadda kakana ya haƙa.

"Ruwan nan akwai kanwa, shi ya cinye su. Ai na ce muku a sayi na kwalba."

Ya faɗa kuwa, tun bara. Tsawa na yi masa a lokacin, na ce ruwan da ya rayar da gidanmu kaf ba zai kashe akwatin roba ba.

Allah ya jiƙan Idi, ya yafe mini. Gobe zan ja Habu maƙabarta, ko da sanda ne, in nuna masa makwancin kowa tun ina iya tunawa.