Mma ta ba amaryar ƙanena sirrin shito, ni kuma na rubuta mata miyar ƙarya

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, Zangonmu ƙarami ne, in aka ga suna kafin la'asar magana ta kai kunnen Mma. Don Allah ku ba ni shawara, kwana shida kenan abu na cin zuciyata, kuma saura kwana kaɗan a ɗaura aure.

Ni 'yar Kumasi ce, a Zango aka haife ni, shekarata talatin da uku. Mahaifiyata, Mma, waakye, wato shinkafa da wake irin namu na Ghana, take sayarwa a bakin layinmu tun kafin a haife ni. Waakye kowa na dafawa a garin nan, amma mutane na hawo trotro, motar haya, daga nesa su tsallake masu waakye goma su zo wajen Mma, kuma ba don shinkafar ba ne, don shito ɗinta ne, miyar barkonon da ake zubawa a kai. Baƙi ne wuluk, ba ya ɗaci, ba ya ƙona maƙogwaro, in ka ci da safe har azahar kana jin daɗinsa a baki. Tun ina shekara goma sha biyu nake gefen tukunyar nan. Ni ke wanke karan dafi, ni ke tsince wake, ni ke yanka albasa buhu guda har idona ya saba ya daina hawaye, ni ke juya shito awa huɗu a kan gawayi, hannuna na dama duk tabon mai ne. Na yi aure na tafi Tamale, shekara biyu auren ya mutu na dawo, washegarin dawowata na ɗauki muciyata kamar ban taɓa ajiyewa ba. Yau shekara shida.

Amma akwai abu ɗaya. Duk ranar da muke shito, in ya kusa nuna, sai Mma ta aike ni. Je ki duba wele, wato ganda, je ki ɗauko min goro, je ki ga ko Babanku ya tashi. Kafin in dawo ta zuba abin da take zubawa daga wani ɗan gwangwani da take ɓoyewa a ɗakinta. Ina yarinya na ɗauka wasa ne, da na girma na tambaye ta sau biyu ko uku, kullum amsar ɗaya ce, lokaci bai yi ba. Ni kuma na haƙura, na ce ai ni kaɗai ce 'yarta mace, wa za ta ba in ba ni ba.

To ƙanena, zan kira shi Nuhu ko da yake ba sunansa ba ne, zai yi aure. Yarinyar zan kira ta Sakina, 'yar unguwar Moshi Zango ce, malamar firamare, shekararta ashirin da huɗu. Gaskiya ba ni da abin da zan ce ta yi min. Tana da ladabi, in ta zo sai ta durƙusa ta gaishe ni, Anti sama Anti ƙasa. Kawai dai tun da ta fara zuwa gidanmu na ga Mma ta canza, ɗiyata kaza ɗiyata kaza, a zuba mata ƙwai biyu da wagashi, cukun nan na nono, ni da na tashi tun kafin asuba ba a tambayi ko na karya ba. Na danne, na ce baƙo ne, ruwa ne mai wucewa.

Asabar ɗin da ta wuce ƙawayenta suka shirya mata biraidal shawa a tsakar gidan wata yayarta. Kanofi, balan-balan, kek, kowa da farin leshi, amarya da ɗan kambi a kan gyale. Ni na kai kula biyu na waakye da sobolo, wato zoɓo, kyauta, don ƙanena ne. Cikin wasannin da suka shirya akwai wani littafi mai bango ruwan hoda, aka ce duk matar da ta zo ta rubuta wa amarya girki ɗaya da ta fi ƙwarewa a kai, da 'yar nasiha a ƙasa. Wata ta rubuta jalof, wata miyar gyaɗa da omo tuwo, wato tuwon shinkafa, wata lamurji, ana karantawa ana shewa. Abu ya yi kyau wallahi, har ni ina dariya.

Ana cikin haka sai ga Mma. Ku sani iyaye ba sa zuwa irin wannan taro, na 'yan mata ne, kuma Mma ko biki ba ta cika zuwa ba saboda ƙafarta. Amma ga ta ta sha mayafin Juma'a, tana riƙe da wani abu a ƙunshe cikin ɗankwali. Ni na gane siffarsa tun daga ƙofa, gwangwanin nan ne. Aka kashe sifika, aka gaishe ta, ta ce ita ba ta iya boko ba balle ta rubuta a littafi, nata girkin a kunne ake faɗa. Ta kama hannun Sakina suka shiga ɗaki, ta sakaya ƙofa. Ni ina tsaye da tiren sobolo a hannu. Ta gabana suka wuce, ko kallona ba ta yi ba.

Sun fi rabin awa a ciki. Mata suka ɗauki guɗa, ana cewa yau shiton Mma ya samu magajiya. Wata maƙwabciyarmu ta dafa ni ta ce, ke kam ai kin daɗe da haddacewa, sai na yi murmushi na ce ƙwarai. Wallahi ban san yadda ban saki tiren nan ba. Na shiga bayi na wanke fuska, na tsaya ina kallon tabon hannuna, na fito na ci gaba da raba abinci.

Da suka fito idon Sakina ya yi ja, ta yi kuka, gwangwanin na hannunta. Can sai ta taho da littafin da kanta ta durƙusa gabana, ta ce Anti saura ke, don Allah miyar ayoyo za ki rubuta min, Nuhu ya ce duk Kumasi babu mai yin ta kamar ki, kuma ita nake so in yi wa su Baba ranar da zan fara girki.

'Yan uwa a nan ne Shaiɗan ya same ni, ko in ce na same shi, don ba zan ɗora masa duka ba. Na karɓi biro. Wadda ta san ayoyo, wato lalo, ta san kanwa ɗan ƙiris ake sawa, kamar ƙwayar masara, kuma ba a rufe tukunya. Ni na rubuta cokali uku na cin abinci, na rubuta a rufe ruf a bar ta ta daɗe a wuta. Wannan miyar in ta fito baƙa za ta yi, ga ɗaci, ga ba yauƙi, wanda ya daure ya ci kuma cikinsa zai ba da labari. A ƙasa wurin nasiha na rubuta Allah ya ba da zaman lafiya. Ko ɗar ban ji ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro da na tuna daga baya. Ta rungume ni, aka ɗauke mu hoto.

A lokacin abin da ke raina shi ne, bari Mma ta zauna gaban dangi ta ɗanɗana girkin magajiyarta. Kun san Zango, amarya in ta ɓata girkin farko, sai ta yi jika ana ba da labarin.

Ranar Litinin muna tsince wake na kasa haƙuri na yi wa Mma magana. Ban ɗaga murya ba da farko, na ce me na yi mata da za ta tsallake ni ta ba bare. Ta ce Sakina ba bare ba ce, ita ce mai zama, ni ce mai tafiya. Ta ce ita ma ba uwarta ce ta ba ta ba, uwar mijinta ce, kakarmu ta wajen uba, kuma da sharaɗi aka ba ta, daga suruka sai suruka, don abin ya tsaya a gidan, 'ya mace in ta sani gidan wani za ta kai. Na ce ai na tafi na dawo, shekara shida ina nan, wane gidan na kai. Ta ce za ki sake tafiya insha Allahu, kullum addu'ata kenan. Na ce to ranar da ƙafarki ta hana ki fitowa, malamar makaranta ce za ta bar aji ta zo ta juya tukunya? Ta ce ke za ki juya, ita ta zuba. Nan ne na faɗi maganganun da bai kamata 'ya ta faɗa wa uwa ba, na ce ashe ni 'yar aiki ce ban sani ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ranar Talata ina cikin trotro zan je kasuwar Kejetia sayen kifi da barkono, sai saƙo ya shigo wayata daga Sakina. Rikodin ne mai tsawo, da ɗan rubutu a ƙasa. Ashe ranar shawa ta roƙi Mma ta bar ta ta ɗauki maganar a waya don kar ta manta, Mma ta yarda bisa alkawarin ba wanda zai ji. Ga abin da ta rubuto min, na kwafo shi yadda yake:

"Anti ki yafe min, ban san ba ki sani ba sai da Mma ta faɗa a ɗaki, shi ya sa na yi kuka. Kwana uku ba na jin daɗi. Ke kika ƙona hannunki a kan abin nan, ni ban taɓa juya shi ko sau ɗaya ba. Naki ne. Don Allah kar Mma ta ji."

Na so in goge ban saurara ba, amma ban iya ba. Na sa a kunne, ga muryar uwata, a hankali, tana bayani da irin haƙurin da ban taɓa jin ta yi min ba, tana cewa ɗiyata kin gane, in sake? Ba zan faɗa muku abin da ke ciki ba, ko ina fushi na gidanmu ne. Abu uku ne, biyu na daɗe da zarginsu, na ukun kuwa ni da kaina nake sayo shi duk mako a Kejetia, shekara da shekaru, Mma na ce min na shayin Baba ne. Na wuce inda zan sauka ban sani ba, sai da yaron mota ya taɓa ni.

Za ku ce ai shikenan na samu abin da nake so. Wallahi ban ji sanyi ba. Kunya ta kama ni, eh, yarinyar da na haƙa wa rami ita ce ta karya alkawarin surukarta tun kafin ta shiga gida saboda ni. Amma zan faɗa muku gaskiya tunda ba ku san ni ba, kishin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Abin uwata, sai a hannun yarinyar da ta zo jiya zan karɓa kamar sadaka? Kuma ita ce mai kirki, ni ce muguwa, ko a nan ma ta fi ni. In na ga Mma na waya da ita tana dariya sai in ji kamar in fasa tukunya.

Na gwada gyara abin a ɓoye. Na kira ta na yi godiya sama-sama, na ce ta kawo min littafin in sake rubuta nawa shafin don rubutuna bai fito ba. Ta ce littafin na cikin kayan kicin, gwaggonninta sun riga sun kai ɗaki sun jera sun kulle, amma kar in damu ta ɗauki hoton shafin, ta ma haddace. Na ce to ranar zan zo in taya ki. Ta ce a'a Anti, so nake in ba ki mamaki, ki zauna a kawo miki. Ita a gidansu ba a cin ayoyo sosai, ba za ta gane kuskuren ba, kuma ta yarda da ni ɗari bisa ɗari. Babanmu kuma tsoho ne mai ciwon ciki, shi za a fara zuba wa.

Na san zan iya tura mata saƙo in ce na yi kuskuren rubutu, kanwa kaɗan ce, kar a rufe. Da kanwar ce kaɗai da ta wuce. Amma kuskure biyu a miyar da nake yi tun ina yarinya, yarinyar ba wawuya ba ce, ko ba ta faɗa ba za ta gane, kuma gida ɗaya za mu zauna muna kallon juna. In kuma ta nuna wa Nuhu hoton shafin, shi ya san hannuna a miyar nan. In na fito na gaya mata gaskiya, ina tsoron ta yi da-na-sanin abin da ta turo min, ta je ta faɗa wa Mma komai, ni in zama mai baƙin ciki a idon dangi, ita ta zama mai cin amana, aure ko kwana bakwai bai yi ba. Ga Mma, jibi za mu yi shito na biki, za ta aike ni duba wele kamar kullum, ban sani ba in tafi kamar ban san komai ba ko in tsaya in ce mata ba inda za ni. Wata zuciyar ma cewa take in bar mata teburinta in buɗe nawa a wata unguwa tunda yanzu na sani, amma da wane ido zan kalli ƙafarta da ta kumbura.

Miyar dai ba zan bari a dafa ta haka ba, wannan na yanke. Abin da ban sani ba shi ne, in ce kuskure ne in rufa wa kaina asiri, ko in gaya wa Sakina abin da na yi da dalilin da ya sa? Kuma Mma, in nuna mata na sani ko in mutu da shi a ciki? Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa. Kar ku ce min in yi istigfari kawai, ina yi. Ranar Lahadi za a ɗaura, Alhamis za ta shiga kicin. Ku gaya min wa zan fara tunkara, kuma da wane baki.