Kawu Jibo Yana Ci Shi Kaɗai

Yaya Tinni, ka taɓa ganin Kawu Jibo ya ja akushinsa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa? Yi haƙuri, ko gaishe ka ban yi ba. Assalamu alaikum. Yaya Kumasi, yaya aiki? Allah ya ƙara lafiya. Inna lafiya na baro ta, sai gwiwar nan tata.

Tun da na sauka Yamai ban ji daɗi ba. Kawun da in ya kira fasinja a tasha daga kan kekensa na guragu har bakin kogi ana ji, yanzu gaisuwata ma da gyaɗa kai yake amsawa. Bai taɓa ce mini bismillah ba. Ni kaɗai nake cin dambuna a tsakar gida kamar maye. Taubashinsa Hamani ya zo yana tsokana, wai birni ya koya wa gurgu cin Nasara, ba ya son a ƙirga masa loma. Kawu ya buɗe baki zai rama, sai iska kawai ta fito, babu murya. Aka yi dariya.

Na ɗauka ni ne ba ya so, har na ɗaure jakata. Gambi matar Kawu ta ce mini sakarai, in zo in leƙa ta taga. Na gan shi da ludayin kunu, haɓa a ƙirji, yana haɗiya kamar mai haɗiyar ƙaya. Ya ƙware, kunu ya biyo ta hanci. Ta ce likita ya ce shan innan yarintarsa ne, yanzu da girma ya zo ya raunana masa maƙogwaro da murya. Ni ban gane ba, Yaya. Abin da ya ci ƙafafu ya ƙoshi, me ya dawo nema a wuya? Wai kunya yake ji ɗan 'yar'uwarsa ya gan shi haka.

Jiya da rana na ɗauki kwanona na shiga, na zauna na ba shi baya, ina ci a hankali. Ya yi ta tari, bai kore ni ba. Da ya gama ya taɓa kafaɗata, ya raɗa mini wai taunata kamar ta jaki. Maganarsa ta farko gare ni ke nan. Na kwance jakar.

In ka buga waya bai ɗauka ba, ba fushi ba ne. Ka gaida matarka Zalika da Baffa Sumana. Bari in tafi, Gambi ta dama kunu, kuma Kawu ba ya iya kirana.

Ƙaninka,
Saini